Gwajin da Na Sa Ranar Lahadi

Mun tashi da hantsi daga unguwarmu ta Hay el-Sabi' a babban birnin Masar, ni da baƙona, muka kama ƙaramar bas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ramsis. Baƙon nan ɗan ƙwallo ne, mai tsaron baya, daga wani ɗan tsibiri a Tekun Pasifik wanda ya ce da keke ana zagaye shi kafin azahar. Ya yi shekaru yana buga wa ƙasarsa. A filin da mu ɗalibai muke taka leda ranar Juma'a na san shi. Ba ya jin Larabci, bizarsa saura mako guda, ni kuwa bakina ba ya mutuwa, sai na zama tafintansa. Ni na samo masa ganin kocin wata ƙaramar ƙungiya kusa da garin Tanta, ni na tsayar da rana: Lahadi, tunda a Masar ita ce farkon mako.

Ya fito cikin farar riga tas da zanen maza irin na ƙasarsu. Na ce a raina mutumin akwai iya ado. Bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, ya manne da taga yana kallon gonaki da jakuna. Mai shayi ya ga baƙo ya ninka kuɗi, na yi masa Larabcin kasuwa ya dawo hanya. Burodi da ful, wato dafaffen waken nan nasu, baƙona ya share huɗu.

Sai da muka wuce garin Banha na lura babu jakar takalma. Na tambaye shi, ya ce ai magana za a yi yau, ko ba haka ba? A tsibirinsu ba a buga ƙwallo ranar Lahadi, ranar coci ce, ko kamun kifi ba a fita. Na ce ya bar mini komai.

Ƙarfe uku muna bakin fili. Kocin, wani dattijo mai furfura, ya dube shi sama da ƙasa ya ce yalla, maza a ara masa takalmin ƙwallo. Yau yake rufe ɗaukar sunayen 'yan wasa.

Nan na fito da dabarata, ina ji da kaina. Na nuna wa baƙona waya: ƙasarsu tana gaban Masar da kusan rabin yini, can Litinin ta riga ta shiga. Ya yi dariya har da dafa kafaɗata.

"Ɗan'uwa, kai da agogon garinku kake sallah a nan?"

Shekara biyar ina karatun fiƙihu, wallahi sai ga ni ina mayar da wayar aljihu. Kunya ta kama ni sosai. Kocin ya ce me ya ce? Na fassara masa ban rage komai ba. Sai ya tambaya: idan wasa ya faɗo Lahadi fa? Baƙona ya ce ba zai buga ba. Dattijon ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya ce, "Ma'alish, ya ibni." Wato ya yi haƙuri, babu gurbi.

A jirgin dawowa ni ne na kasa zama, ina ta ba shi haƙuri. Shi kuwa ya ɓare alewar Tanta mai riɗi yana ci, yana cewa akwai wasan ƙasarsu nan gaba, kuma riga mai lamba huɗu tasa ce. Kafin Banha ya yi barci.

Mun iso Hay el-Sabi' ana kiran isha'i. Abin da na koyo ba shi da yawa: kafin ka tsayar wa mutum rana, tambaye shi wace ce ba tasa ba. Na tafi da niyyar nuna masa Masar, na dawo ina lissafin sau nawa na yi wa kaina irin dabarar da ya ƙi.