Dalilin da Ya Sa Ake Kiran Su Masu Toka

Ranar wata Asabar ce cikin bazara, ana gama yankan alkama, a tsakiyar shekarun tamanin, ina da shekara goma sha ɗaya. Na ɗauko tiren dafaffen rogo na nufi filin da ke bayan babbar kwatar ruwa, sai na tarar da babana, Malam Sule mai buɗe wa manoma ruwa, tsaye gaban wani baƙo mai baƙin gajeren wando da usur a wuya. Alƙalin wasa ne aka turo daga birni. Ya shuri ƙasa da takalminsa ya ce, "Malam, wannan filin ƙwallo ne ko masussuka? Ina layi? In ƙarfe huɗu ta yi ban ga farin layi ba, babu wasa, babu rajista, sai baɗi."

Ƙungiyar nan da kuke gani yanzu da motarta da 'yan wasa masu albashi, leburorin kwata ne suka fara ta. In sun tashi daga yashe laka sai su wanke ƙafa su hau ƙwallo har a kira magariba. Babana ya tara su, Bitrus direban tarakta, mutumin Filato, ya zama mai horarwa, shi ya haɗa musu ginshiƙan raga da tsofaffin bututun ban ruwa. Shekara biyar ana yi wa babana dariya a majalisa, wai magidanci da gemu yana bin fata. Wasan ran nan shi ne gwajin da zai sa a rubuta sunansu a gasar jiha. Farar ƙasar da za a ja layi da ita kuwa tana cikin wata motar tumatir da ta mutu a hanyar Garun Mallam.

Ni ce na ce, "Baba, toka fa?" Ya ce, "Ke, wuce ki yi tallarki." Bitrus ya ce, "A'a Malam Sule, bari 'yata ta ƙarasa." Abin da na sani, su ba su sani ba. Duk gidan da ke unguwarmu turara shinkafa ake yi, buntu ake zubawa a wuta, kuma tokar buntu in ta ƙone sosai fara ce tas. Ni nake kwashe ta kullum kafin in je ɗebo ruwa, na san ta kamar tafin hannuna. Ga shi kuma ƙartin nan ashirin babu mai ikon tsallake zauren wani. Mu 'yan mata babu ƙofar da ke rufe mana.

Na ajiye tire na ruga gida. Inna tana juya shinkafa a shanya, ta saurare ni ta riƙe haɓa. "Wato yau har murhuna ya shiga ƙwallo? Kwashe, ki ce da babanki in aka ci su kada ya shigo min da dogon bayani." Na tattaro ƙawayena na wasan gaɗa, muka bi gida gida da kwano da tsohon daro. Wata tokar ba ta huce ba. A gida na huɗu na cusa hannu na ci karo da garwashi, tabon yana nan a wuyan hannuna na dama, da shi nake riƙe biron nan. Ban yi kuka ba, babu lokaci.

Da igiyar da ake tsaga fangali a gonar albasa aka miƙe layukan, mu kuma muna bi a duƙe muna zuba toka da gwangwanin da aka huda, Bitrus yana yayyafa ruwan kwata kada iska ta kwashe. Da aka zo da'irar tsakiya maza suka tsaya gardama, kowa ya zana ta fito kamar ƙwai. Na zaro turke na kafa, na ɗaura igiya na zagaya. Alƙalin wasa ya auna da takunsa, ya dube ni ya ce, "Ke wa ya koya miki?" Na ce, "Akuyarmu. Haka take cin ciyawa in an ɗaure ta." Har shi sai da ya yi dariya, ya duba agogo, ya busa usur.

An ci mu biyu da ɗaya, ba zan yi ƙarya ba. Amma an yi wasa, kuma an rubuta sunan. 'Yan wasanmu suka fito ƙafafu fari fat, magoya bayan baƙi suna yi musu ihu, "Masu toka! Masu toka!" Zagi ne, sai ya bi su ya zama kirari. Rogo ya dawo gida yadda ya fita. Babana ya kama hannuna ya daɗe yana duban ƙunar, sannan ya shafa mata man kaɗanya da kansa.

Ni ba a sa ni boko ba. Sai da na aurar da 'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bara jikana ya kawo min ɗan littafin tarihin ƙungiyar, na bi shi da yatsa kalma kalma, sai na ga an rubuta wai ana kiran su Masu Toka ne don suna mayar da abokan karawa toka. Ƙarya ce, ko da ba da gangan aka yi ta ba. Tokar murhun iyayenmu mata ce, kuma da kanmu muka ɗauko ta.

Yanzu da inji ake fesa layi a kan koriyar ciyawa, ya fi namu kyau nesa ba kusa ba. Inna da Baba da Bitrus duk sun rasu, tsohon filin ma an noma shi shinkafa. In na ji yara a bakin kwata suna rera sunan nan, sai in juya hannuna in dubi tabon. Layinmu iska ta share shi tun washegari, amma a kansa aka fara.