Kututturen Da Ya Ƙi Shiga Shago

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da aka kira ni a waya aka ce kututturen Yaya ya ƙi shiga shago. Ina Dutsin-Ma a wajen aiki, hannuna duk siminti, sai ga muryar yayana yana cewa, "Injiniya, taho Kurfi ka ga ɗakin da ka gina mana. Ya yi kyau, sai dai maigidan yana waje."

Gidanmu gidan fawa ne. Ni kaɗai na bar wuƙa na kama gini, shi ya sa Yaya yake tsokanata da Injiniya, alhali ko sakandare ban gama ba. Shekara da shekaru yana sayar da nama a kan tebur a gindin bishiya, har ya gaji da korar ƙuda, ya ce in tsara masa ɗan shago irin na birni. Na zauna na zana a takarda. Na sa farin tayil daga ƙasa har kafaɗar mutum don jini ya wanku da sauƙi, na yi taga babba da raga, na jera ƙugiyoyin rataye nama a ƙarfe ɗaya, na karkata daɓen ta yadda ruwa zai bi ta magudana ya fita baya. Ƙofa kuwa na sayo ta ƙarfe ƙarama a wajen mai walda, don kada akuya ko kare su samu hanya. Komai na auna, ban auna kututturen ba.

Kututturen nan guntun itacen ƙirya ne wanda ake sara ƙashi a kai. Mahaifinmu ya yi aiki a kansa har ya rasu, tsakiyarsa ta lotsa saboda saran gatari. Yaya ba ya sara a kan wani abu in ba shi ba.

Da na isa na tarar da maza huɗu sun jiƙe da gumi. Sun kwantar da kututturen, sun mirgina, sun juya shi ta kowane gefe, amma ya fi ƙofar faɗi da kusan taƙi guda. Ranar kasuwa ce, an riga an yanka bijimin sa, ga rana tana ɗagawa. Kowa sai ya zama magini. Wani mahauci ya ce a sassaƙe gefensa da gatari, Yaya ya dube shi kawai, mutumin ya koma wajen teburinsa. Wata dattijuwa mai nono daga Barkiya ta ce a yaye kwanon rufi a sauke shi ta sama kamar guga. Aka yi dariya, amma na ga mutum biyu sun ɗaga kai suna duban rufin da gaske.

Na ce a ba ni guduma in fasa bangon yanzu. Yaya ya riƙe hannuna.

"Tayil ɗin da ka kwana biyar kana jerawa? Bari ya sha iska tukuna."

"To ina za ka sara ƙashin, Yaya?"

"Inda Baba ya saba zama. A waje."

Haka aka girke kututturen a bakin ƙofa. Nama yana ciki a rataye bayan raga, ba ƙuda ko ɗaya, Yaya kuma yana shiga ya ɗauko cinya, ya fito ya sara a gaban mai saye. Abin mamaki, mutane sun fi son haka. Suna ganin yadda ake yankan, su nuna inda suke so, su nemi gyara. Duk wanda ya yaba shagon sai Yaya ya ce ai ƙaninsa ne ya tsara shi na musamman, nama ya shiga inuwa, mahauci ya sha rana. Ni dai kunya take hana ni ɗaga kai.

Muka yi alkawari bayan Babbar Sallah zan cire ƙofar in faɗaɗa. Bayan Sallah aiki ya yi mini yawa. Da damina ta faɗi Yaya ya ce ruwa yana dukan kututturen, na ce ina nan tafe. Kafin lokacin kaka ya zo, Yaya ya kwanta ciwo na ƴan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Tun daga lokacin ba na zana wa kowa shago sai na je na tsaya na ga yadda yake aikinsa, da abin da ba zai iya rabuwa da shi ba, in fara auna wannan kafin in auna bango. Na kuma koyi cewa in ɗan'uwa ya nemi gyara, ranar ake ɗaukar guduma. Shagon yana rufe, kututturen yana waje an lulluɓe shi da buhu, kuma har yau ban faɗaɗa ƙofar ba.