Batirin Masallaci Ya Je Kano

Daga gida zuwa Ɗambatta

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba na ɗora buhun batura a bayan ɗan acaɓa, muka ratsa ta cikin gonakin gero. Ni ke da shagon cajin waya a garinmu. Ɗan ƙanwata Nafi'u, mai karatun kimiyya a Kano, shi ya ce min a makarantarsu suna farfaɗo da matattun batura. Ni kuma bakina ba ya riƙe magana, na je na fesa a majalisa. Kafin magariba gari duk ya kawo nasa, kowa da shaidarsa kamar kwanon niƙa: wani ya ɗaura zare, wata ta shafa jan farce. Har Malam Liman ya ciro batirin lasifikar masallaci, wanda bai ma mutu ba, saurin sauka kawai yake yi.

"Amana ce, Ɗanlami. Kafin Juma'a nake son abina."

"Haba Malam, ai har Bici za a riƙa jin kiran sallarmu!"

Ɗambatta zuwa Kano

Na sha koko da ƙosai a tasha, na shiga bas. Da kwandasta ya ji abin da ke buhun, sai ya ce wallahi ba zai kwana a lahira saboda ni ba, waɗannan wuta suke kamawa. Aka ɗaure buhun a saman motar. A shingen hanya wani jami'i ya zungure shi da sanda.

"Mene ne wannan?"

"Batura ne, ranka ya daɗe, za a kai su gyara."

Ya dube ni da tausayi, ya ce mu wuce. Ko na goro bai nema ba.

Rijiyar Zaki

Da hantsi Nafi'u ya tare ni a unguwar Rijiyar Zaki, muka shiga ɗakin bincikensu mai sanyi. Abokan aikinsa suka yi ta murna da ganin baturan, ni kuwa ina ta hura hanci. Na fita na ci gurasa, na yi azahar. Ina dawowa na tarar da akwatin batirin Liman a buɗe, an zazzage cikinsa.

"Innalillahi! Nafi'u, me kuka yi?"

"Kawu, ai ba batirin ake gyarawa ba. Baƙin garin da ke shafe a cikinsa shi ke gajiya. Mu kankare shi, mu ƙara masa sinadarin da ya rasa, mu gasa a tanda, sai a ƙera sabon batir da shi."

"To ware min garin Liman daban."

"An haɗe su ai."

"Sabon fa, yaushe?"

"Bincike ne, Kawu. Ƙila nan da wasu shekaru."

Wallahi har hawaye sai da suka zo min. Na kwana a ɗakinsa ko kallonsa ban yi ba.

Komawa gida

Da la'asar ɗin Alhamis na sauka, na wuce zauren Liman da buhu a ninke. Na kwashe komai na faɗa masa, har tandar. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ladan ya tsufa, muryarsa ba ta wuce kan katanga," in ji shi. "Kai kuwa, ma sha Allah, gari ya shaida taka."

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya. Yanzu sau biyar kullum ina kan katangar masallaci, yatsu a kunne, ina kiran salla, har ranar da su Nafi'u za su gama bincike.