Sandar da Umma ta ɓoye

Baba direba ne a ofishin jakadanci da ke unguwar Dokki a Giza, tun ban san hannun dama da na hagu ba. Turancinsa bai cika cikin cokali ba, amma wanda ya iya ɗin na faɗa ne. In wani ya yanko masa hanya sai ya zuge gilashi ya daka tsawa, "Are you blind?" Na taɓa tambayarsa me ya hana shi faɗa da Larabci, tunda shi mutumin zai ji. Ya ce makanta abin Allah ce, ba a zagi da ita, amma da Turanci ba ta da nauyi a baki. Shi ya fara koya min "blind spot", wato gefen motar nan da madubi ba ya nunawa. Daga baya da na fara koyar da Turanci a wata 'yar cibiya, na tarar kalmar "blind" ta cika littafi. So makaho ne, in ji masu harshen, wanda ya kau da kai daga ɓarna ma ido makaho ya juya mata. Ina koyar da su ina dariya.

Ciwon ya shigo masa ta gefe. Ya fara gogar ƙofar mota a wurin da ya saba shigewa ko tunani babu, yana tuntuɓe da takalma a bakin ƙofar gidanmu na unguwar Faisal. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa saura. Baba ya ajiye aiki. Ranar wani zuwa asibiti likitan ya ja ni gefe ya ce mahaifinki ya koyi tafiya da farar sanda yanzu, tun yana hangen ɗan abin da ke gabansa, domin ƙafa ta haddace unguwa kafin ido ya rufe. Ban yi shawara da kowa ba, na biya na sayo ta, irin mai naɗewa, a cikin leda.

Umma ce ta tare ni a kicin. Da ta ga abin da ke cikin ledar sai ta riƙe baki.

"Ke yanzu ubanki kike wa fatan makanta?"

"Umma, likita ne ya ce."

"Likita ba Allah ba ne. Mutumin da ya tuƙa manya, a gan shi da sanda a titi? Me 'yan gida za su ce? Khalas, shi ke nan, kar na ƙara jin maganar nan."

Ta karɓe ta cilla saman kwaba, bayan akwatunan tafiya. Ni ba mai haƙuri ba ce, na yi faɗa har murya ta dashe, amma a ƙasa-ƙasa, don kada Baba ya ji daga falo. Haka muka zauna. A gidanmu ba a cewa makaho, sai dai a ce idon Alhaji na ɗan damunsa. Duk Juma'a tsofaffin abokan aikinsa da ɗalibai 'yan garinmu da ke unguwar Darrasa sukan zo gaisuwa. "Alhaji, ya idon?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillah." Wa zai ce babu sauƙi? Ko a bakin kabari mutuminmu yake, da sauƙi zai ce. Sai a yi addu'a, a sha shayi, a koma hirar tsadar haya.

Abin da ke ci min rai shi ne ina ganin lokacin yana zurarewa. Da farko yana sauka shi kaɗai har kantin magani. Sai ya koma masallacin ƙasan bene kawai. Ran nan mai tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, ya kusa kwashe shi a bakin layi, daga ranar ya daina sauka sai da hannuna, ni kuma ina wurin aiki har la'asar. Mutumin da ya san kowane lungu daga Giza zuwa filin jirgi ya koma zaman baranda, yana sauraron masu microbus, ƙananan bas na haya, suna kiran fasinja. A aji kuwa, in muka iso shafin nan na karin maganar makanta sai in tsallake. Wata ɗaliba ta tuna min, na ce ma'alish, a yi haƙuri, ba ya cikin jarrabawa.

Na so in faɗa masa akwai sanda a saman kwaba. Sau da yawa ina buɗe baki sai in ga Umma tana ɗiga masa magani a ido tana karanto addu'a, in fasa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Na sani, amma sanin bai hana ni jin haushinta ba, har yau ma da saura.

Wata Juma'a wani tsohon abokinsa, wanda suka yi tuƙi tare, ya zo daga gida bayan dogon rashi. Ya miƙa hannu, Baba bai karɓa ba, domin bai san an miƙo ba. Mutumin ya janye hannun a hankali ya ce, "Alhaji, ya idon?"

Umma ta yi caraf daga bakin ƙofa ta ce, "Da sauƙi."

"Hajiya, bari in amsa da kaina," in ji Baba. "Ya tafi, Malam. Tun kafin azumi ya tafi."

 Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin Umma ya ce, "Ɗauko min abin nan da yarinyar nan ta sayo. Kunnena dai bai mutu ba." Ashe duk faɗan da muke yi a kicin yana ji, ya yi shiru ne don kada ya karya mata zuciya.

Umma ta taka kujera ta sauko da ledar, ƙura ta lulluɓe ta. Baba ya lalubi bakin ya kwance, sandar ta miƙe a hannunsa da ƙara. Ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya ɗan buga ta a tayil, sannan ya kira ni.

"Uwata, fara ce kamar yadda ake faɗa?"

Na gyaɗa kai. Sai da na ga yana jira na tuna, na ce, "Fara ce, Baba."