Azurfa a Bayan Hannun Bu Ratmi

Shekara ashirin da huɗu Bu Ratmi, wato Malama Ratmi, ta yi tana tsayawa a ƙofar makarantar nan ta bakin layin dogo, ƙarfe shida da rabi na safe, hannunta na dama a miƙe. Yara su zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama hannun, ya sunkuya, ya ɗora bayan hannun a goshinsa, sannan ya wuce aji. Gaisuwa ce da duk ɗan Jakarta ya iya tun kafin ya iya ɗaure takalmi. Sauran malamai sun daɗe da gajiya da tsayuwar. Ita ma ta gaji, sai dai ba ta san wata hanyar fara yini ba.

Daga wani ƙauye kusa da garin Klaten ta zo tana amarya. Mijin ya tuƙa keken haya har ciwon huhu ya ɗauke shi, ya bar ta da ɗakin haya guda da aikin koyarwa na wucin gadi. Wucin gadin ne har yau. Sau huɗu ta zauna jarrabawar zama ma'aikaciyar gwamnati, sau huɗu sunanta bai fito ba, daga nan aka ce shekarunta sun wuce. Albashin ba ya kai ta tsakiyar wata, shi ya sa take soya tempe, wata wainar waken soya, da asuba, ta sayar wa 'yan uwanta malamai lokacin tara.

Makarantar aji shida ce a ɗaki huɗu. In jirgi ya taho, malami ya yi shiru da rabin magana a baki har taragon ƙarshe ya wuce. A bango akwai layin da ambaliyar bara ta bari, daidai ƙugun babban mutum, kuma ba wanda ya damu ya goge tunda ta bana na tafe.

Hannun Bu Ratmi ya fi rajista sanin yaran. Goshi mai zafi, zazzaɓi ne. Mai ƙarni, ya taya uwarsa gyaran kifi kafin ya taho. Shekaru biyar da suka wuce wani sabon abu ya fara biyo hannun, ɗan ƙyalli kamar na sabon kwano. 'Yan azurfa ke nan. Su kwaɓa fenti ruwan azurfa da man girki, su shafe jiki tun daga goshi har yatsun ƙafa, su ƙame a bakin danja da kwali a hannu, masu mota su jefa musu abin da ya sawwaƙa. Komai wankan yaro, fentin yana maƙalewa a gindin gashi da bayan kunne. Ba ta taɓa yi wa ɗayansu wa'azi ba. Wa'azin me, ita da ta san abin da ke cikin tukunyar gidajensu? Roba ta ajiye a bayan banɗaki, da kwalbar mai da sabulun wanke-wanke. Wanda ya bar mata ƙyalli a hannu, sai ta ce masa, "Zaga baya."

A cikinsu akwai Nining, 'yar aji shida, shekararta goma sha biyu. Ubanta birkila ne, ya faɗo daga bene na uku, tun daga nan yake kwance. Yarinyar ba ta da surutu, amma in aka rubuta lissafi a allo, kafin Bu Ratmi ta kakkaɓe alli daga hannu ta gama. Saura mata mako shida ta zauna jarrabawar fita. In babu wannan takardar, babu sakandare, ko tsaron shago ba za a ɗauke ta ba.

Sai ga takarda daga ofishin birni. Duk ɗalibin da aka samu da alamar aikin titi, a miƙa sunansa, a kai shi gidan tarbiyya a bayan gari wata uku, a kuma soke masa tallafin karatu. Wataƙila da kyakkyawar niyya aka rubuta ta, a ɗaki mai sanyi. Amma wanda ya rubuta bai duba kalanda ba, jarrabawar tana tsakiyar wata ukun nan. Takardar ta ƙara da cewa jami'i zai zo ranar Laraba ya gani da idonsa.

Ranar Larabar tun ƙarfe biyar da rabi Bu Ratmi take durƙushe gaban robarta, yara shida sun yi layi.

"Kai Ujang, wannan kunne ne ko murfin tukunya? Tsaya mana!"

"Wayyo Bu, da zafi!"

"Da kake shanya kanka a rana awa huɗu ba ka ce da zafi ba. Juyo ɗayan."

Ta dirje su tas har wuyansu ya yi ja. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Babu Nining.

Baƙon ya iso ƙarfe bakwai saura, wani Pak Wiryo, wato Malam Wiryo, mai furfura kaɗan da kayan kaki masu karin guga. Hedimasta, Pak Darsono, ya sa aka jera yara duka su gaida shi. Suka fara wucewa, kowa ya ɗora hannun baƙo a goshi. Layin ya kusa ƙarewa sai ga Nining da gudu, tana haki, tana gyara ɗan hijabinta. Maganin ubanta ne ya ƙare, ta fita danja tun asuba saboda cunkoson safe ya fi kawo kuɗi, ta ɗan wanke fuska a famfon masallaci. Daga inda take tsaye Bu Ratmi ta hango shi, siririn layi mai ƙyalli a bakin hijabin. Saura yara biyu tsakanin goshin nan da hannun baƙo.

Bu Ratmi ta sha gabanta.

"Ke, yau ba a gaida malama? Don kin ga manya?"

Nining ta kama hannun ta sunkuya. Bu Ratmi ta danna da ƙarfi, ta goga bayan hannunta daga wannan gefen goshin zuwa wancan, ta jawo hijabin har gira, ta tura ta gaba. Yarinyar ta gaida baƙo ta wuce. Hannunsa fes. Bu Ratmi ta cusa nata ƙarƙashin gyale tana shirin sulalewa bayan banɗaki.

"Bu Ratmi," in ji hedimasta, "a taimaka a miƙa wa baƙonmu shayi."

Tiren yana nan a kan benci, taku biyu. Ta tsaya tana dubansa. Ta yi tunanin hagu, amma mace mai shekara hamsin da biyu, wadda ta yi rabin rayuwarta tana buge hannun yara in sun miƙa abu da hagu, ba za ta miƙa wa babban baƙo shayi da hagu ba. Hannun ma ba zai yarda ba. Ta ɗauki kofin da dama, ta tallafe gwiwar hannun da hagu, ta ɗan rusuna ta miƙa. Rana ta daki bayan hannun, azurfar ta ƙyalla.

Pak Wiryo bai karɓi shayin ba. Ya zaro biro daga aljihu.

"Wane yaro ne, Bu?"

Yaran suna tsaye a fili, ba wanda ya motsa. Jirgi ya taho, kowa ya jira ya wuce. Taragai goma sha biyu, ta ƙirga su kamar kullum.

"Ba yaro ba ne, Pak. Ni ce."

"Ke?"

"Da yamma, in an tashi. A danjar ƙarƙashin gada."

Ta jira ya yi dariya. Ta jira ya ce, haba Bu, malama guda, wa za ki yi wa wannan? Har ta fara haɗa ƙaryar da za ta tokare ta farko. Shi kuwa takalminta ya duba, wanda aka ɗinke da zaren roba, ya dubi wuyan rigarta da ya koɗe. Ya juya wurin hedimasta.

"Ta wucin gadi ce?"

"E, Pak."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da huɗu."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya rufe biron. "Takardar ta yara ce," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. Ya karɓi shayin ya kurɓa. Da zai tashi ya ninke ƙaramar takardar kuɗi, ya tura ta ƙarƙashin kofin, bai yarda sun haɗa ido ba.

Wannan shi ne ya yi mata ciwo, kuma har yau yana yi. Ko tambaya ɗaya mutumin bai ƙara ba. Pak Darsono ma, da suka yi shekara goma sha biyar tare, ya kira ta ofis yana murza hula.

"Bu, ai da kin gaya mini abin ya kai haka. Wallahi ban sani ba." Ya ajiye hular. "Sai dai iyaye za su yi magana. Ki ɗan huta da tsayuwar ƙofa, ko zuwa baɗi."

Ta ce to. Da za ta fita Ujang ya tare ta a baranda, fuskarsa cike da tausayi irin na tsohon hannu.

"Bu, kada ki yarda a kwaɓa miki da kananzir, ƙona fata yake. Man girki ya fi, ko da wanda aka soya abu da shi ne."

"Na gode, Ujang. Wuce aji."

Tun daga ranar wata matashiyar malama ce ke tsayawa a ƙofa, in ta tuna. Bu Ratmi kan zauna a bayan banɗaki a kan juyayyen bokiti, gwiwoyinta na ciwo, tana jin hayaniyar shigowar yara ta bayan bango.

Safiyar jarrabawa tana zaune a wurin sai ga Nining ta zagayo, kayan makarantarta a goge, fensir biyu a hannu. Mako shida ke nan yarinyar ba ta iya duban idonta. Ta kama hannun Bu Ratmi da hannu biyu, ta ɗora a goshi, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da ta saki, Bu Ratmi ta juya hannun ta duba kamar yadda ta saba. Ƙyallin yana nan.

"Saura minti nawa a shiga?"

"Goma, Bu."

"Zauna," ta ce, ta jawo kwalbar mai.