Faten waken Inna da ƙaryar da na yi mata

Assalamu alaikum. Na san kwana biyu kun ji ni shiru, masu ɗinki a wurina har sun gaji da kira. Ku yi haƙuri. Jinya na yi, kuma akwai abin da ke cin raina da nake so in faɗa da bakina.

Da ƙishirwa abin ya fara mani. Ina kan keke sai in shanye kofi uku, in ji kamar ban sha ba. Fitsari ba iyaka. Zanen da nake ɗaurawa ya fara yi mani yawa. Daga baya kafar allura ma na daina gani sosai, ni da nake zura zare ko ban duba ba.

Ran da na yanke jiki na faɗi a shago, aka kai ni asibiti nan Kankiya. Aka soki yatsana, aka gwada jini. Likita ya ce, "Malama, ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Sai mun kwantar da ke."

Wannan ciwon ne ya yi ajalin Babanmu, bayan an yanke mashi ƙafa. Mahaifiyata, Inna, ita ta yi jinyarshi a garinmu Ƙofa, ta wajen Kusada, har yau ba ta son a ambaci sunan ciwon a gabanta.

Sai na roƙi maigidana ya ce mata taifot ne.

Ni ce 'yar farinta. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke". Kunya ba za ta bar ta ta zauna bakin gadona tana lallashi ba. Abin da take da shi kawai faten wake ne. Ta surfa wake, ta dafa shi har ya narke, ta sa albasa da ɗan man gyaɗa, sannan ta cire ƙwallon busasshen dabino cikin tafi biyu ta zuba, da 'yar tsamiya. Duk Ƙofa ita kaɗai ke yin irinshi. Tun muna yara, duk wanda ya kwanta ciwo shi ake ba.

Kullum da hantsi kula ke isowa a motar Kusada, ɗaure cikin tsohon ɗankwalinta. Ƙamshin kaɗai ke sa ni hawaye. Amma an hana ni zaƙi, balle dabino mai yawa haka. Sai in miƙa wa matar da ke gadon kusa da ni, wadda ta karye a ƙafa.

Bayan la'asar Inna ta kira ni a waya.

"Ke, kin sha?"

"Na shanye tas, Inna."

Kwana goma sha biyu na yi. Ƙarin ruwa, allurai, sukar yatsa safe da yamma. Magani ya cinye ɗan abin da na tara, har keke ɗaya na sayar. Suga ya sauka, ganina ya dawo, aka sallame ni. Na ce wa Inna fatenta ne ya tashe ni. Ta kau da kai don kar in ga daɗin da ta ji.

Da ƙaramar Sallah na je Ƙofa, na tarar ta rame, kwanon sha ba ya barin gefenta. Ta ce irin ciwona ne ya kama ta, amma kar in damu, kullum tana shan fate, har ƙara dabino take yi tunda shi ya warkar da ni.

Jama'a, na gane. Wallahi na gane. Na buɗe baki, sai na tuna ƙaryata, na ce bari dai a wuce Sallah. Na dawo Kankiya na duƙufa kan ɗinki, yau da gobe har damina ta sauka.

Ƙaya ta soki Inna a ƙafa a gona, ciwon ya ƙi warkewa. Da aka kawo ta asibiti aka gwada, suga ne. Likitan da ya duba ni ya tambaye ni a hankali ko ban ga alamu a jikinta ba.

An yanke mata yatsu biyu na ƙafar hagu.

A bakin gadonta na durƙusa na faɗa mata komai. Sai ta ce, "To duk faten nan wa ya sha?"

Na ce wata mata ce mai karaya.

"Ta warke?"

Na ce ta warke.

"To alhamdu lillahi, bai tafi a banza ba."

Da zagina ta yi, da ya fi mani sauƙi.

Yanzu tana wurina. Mu biyu muke shan magani, mu biyu muke zuwa awo. Ni nake dafa faten, ita tana kan tabarma tana ba da umarni. Wake, zogale, albasa, tsamiya, ba dabino. Ta ce wannan ba fate ba ne, ruwan wake ne, amma tana shanyewa.

Na gode wa Allah da Ya bar mani ita. Na gode wa maigidana, da ma'aikatan jinya, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku san me ake ciki ba.

Don Allah, in kun ga ƙishirwa ta yi yawa, ga fitsari, ga rama, ku je a gwada suga. Ɗigon jini ɗaya ne. In an same ku da shi, ku gaya wa 'yan gidanku su ma su gwada, domin yana bin jini. Kada ku raina ciwo a ƙafa. Kuma kada ku canja wa ciwo suna don tausayin iyaye.

Ta ce ta yafe mani. Amma kullum da safe ni nake wanke mata ƙafar nan. Yatsu uku nake tararwa, kuma na san abin da ya tafi da biyun.