Ramar Kudu a Ɗakin Goggo

Shekarar da aka ba ni aikin malamin gona a Tambuwal, ba a daɗe da yanke mana Jihar Sakkwato ba, kuɗin mai kuma sun sa samari sun fara kallon fartanya kamar abin kunya. Kowa so yake ya shiga mota ya nufi Ikko. Ni an ba ni babur da kaki da wani littafi mai hotunan tsirrai, ina yawo ƙauye ƙauye ina koya wa mutanen da suka yi jika da ni yadda ake shuka gero. Suna saurarona cikin ladabi, in na juya baya su ci gaba da yadda suka saba. A lokacin ban san dariya suke yi mini ba, don haka kaina ya yi girma sosai.

Duk ranar Alhamis nakan hau babur in tafi Kebbe gaida goggona, ƙanwar babana. Mijinta malami ne, ya rasu ya bar ta da ɗa guda da gida mai ɗakuna huɗu. Bayan azahar matan aure na unguwa sukan taru a tsakar gidanta tana biya musu karatu, kuma a garin nan in an ce Goggo ta faɗi magana, to an gama. Tana da wata al'ada da ta gada daga mijinta: duk abin da aka shuka a gidan, ko kuɓewa ce ta bayan ɗaki, ba a amfani da shi sai an kai na farko zauren liman ranar Juma'a ya sa albarka. Limamin yayan mijinta ne.

Ɗan nata taubashina ne, ya girme ni da shekara biyu, kuma ban taɓa ganin mutum mai daɗin zama da rashin zama wuri ɗaya kamarsa ba. Ya koyi ɗinki ya bari. Ya koyi gyaran rediyo, ya kwance na liman, har yau ba a ga wasu daga cikin kayan cikinsa ba. Daga ƙarshe ya zama yaron wata babbar mota mai ɗauko siminti daga Ikko, yana dawowa da wando mai faɗin ƙafa da labaran da rabinsu ƙarya ne. Goggo ba ta taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba, amma na san abin da ke cin ta. So take ta ga ɗanta ya riƙe abu guda, ko da tsinke ne, har ya kai shi ƙarshe.

Wata Alhamis da kaka ta gabato, na isa na tarar da ita tana ta murmushi ita kaɗai. Ko ruwa ba ta bari na gama sha ba.

"Taso, malamin gona," in ji ta. "Yau kai nika jira. Taho ka ga aikin taubashinka, ka daina yi mai dariya."

Ta kwance wani ɗan makulli daga gefen zanenta, ta nufi ɗakin ƙarshe, wanda da ake ajiye dawa a ciki. Na ga an sa masa kwaɗo sabo fil. Ta ce ɗanta ne ya sa shi, saboda awaki da kuma bakin mutane. Da ta tura ƙofar sai haske ya tarbe mu, domin an cire kwano biyu daga rufin, rana na saukowa har ƙasa. Ɗakin cike yake da tsirrai, wasu a gwangwanayen mai, wasu a fasassun tukwane, har da tsohon bokitin wankan marigayi. An jera su manne da juna, babu inda mutum zai sa ƙafa sai wata 'yar siririyar hanya a tsakiya. Sun yi kore shar, sun kai mini kafaɗa.

"Ramar Kudu ta," in ji Goggo. "Can ƙasar Ikko yas samo irin. Ba ta ci ba ta, na ɗanɗana ganyen, babu tsami ko kaɗan. Yac ce ta buhu ta, masu kamfani ka saye su saƙa buhunna."

Na matsa kusa na duba. Ganyen ya yi kama da na rama, yatsu yatsu, duk wanda ya ce rama ce bai yi wauta ba. Amma a makarantar aikin gona an taɓa nuna mana busasshen ganyen nan a cikin gilashi, an ce mu gane shi da kyau. Ga kuma warin, wanda na sha jin irinsa a bayan tashar Tambuwal inda 'yan kamasho ke fakewa. Wiwi ce cike da ɗakin matar malam.

Ita kuwa Goggo abin da ya dame ta daban. Ta kama wani reshe tana nuna mini.

"Abin da nika so ka duba, ɗana, cunkoson ga. Ni tun da nit tashi, ko gero sai an yi mai cira. Na ce mai ya rage su, yac ce a'a, wurin ƙarami na, sai an cika shi kahin a samu abin kirki. In ya tahi Ikko ni ka ba su ruwa, sahe da marece. Ranar nan na saci jiki na cire guda biyu, sai nij ji kamar na ci amanatai, na maida su."

Ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Sannan ta ce gobe Juma'a za ta yanko dami guda ta kai wa liman da kanta, tunda wannan ne karo na farko da ɗanta ya shuka abu ya tsaya a kansa har ya girma. Tana so baffansa ya gani da idonsa.

Zauren liman ranar Juma'a cike yake, kuma a cikin masu zama akwai tsofaffin sojoji biyu da suka dawo daga yaƙi, waɗanda za su gane ganyen nan tun daga bakin ƙofa. A wancan zamanin hukuncin wannan abu ɗauri ne mai tsawo. Ko da ba a kai ga 'yan sanda ba, kafin la'asar duk Kebbe za ta ji cewa matar da ke biya wa matansu karatu ta yi wata uku tana shayar da wiwi a ɗakin dawa. Na buɗe baki in faɗa mata, sai na ga fuskarta. Na ce tsiron ya yi kyau. Ni da nake tsayawa gaban dattawa ina gyara musu noma, abin da na iya faɗa ke nan.

Na hau babur na nufi tasha. Na sami taubashina a gindin wata bishiyar bedi yana cin rake, ya miƙe ƙafafu.

"Bawana ya iso," in ji shi, yadda muka saba tsokanar juna. "Ka gaida uwar ɗakinka?"

Na ce masa yau ba wasa ya kawo ni ba, na shiga ɗakin dawa. Raken ya tsaya masa a baki. Ya ja ni bayan motarsu, ya fara rantse-rantse. Wai wani direba ne ya ba shi irin, ya ce ɗaki guda ya isa mutum ya sayi babur. Wai shi ko sha ba ya yi. Wai sau ɗaya ne, daga wannan ba zai ƙara ba. Na bar shi ya gama, sannan na gaya masa inda uwarsa za ta kai damin farko gobe.

Ban taɓa ganin mutum ya zauna a ƙasa da sauri haka ba. Ya manta da al'adar gidansu sarai. Ya shirya komai, kwaɗo da labarin buhu da kamfani, bai tuna cewa uwarsa ba ta bari ko kabewa ta wuce zauren liman ba.

Na ce ya je ya faɗa mata da bakinsa. Ya ce wallahi gara a ɗaure shi. Na ce to mu tuge su kafin gari ya waye, mu ce awaki ne. Ya ce makulli na jikin zanenta, kuma awakin Kebbe ba su iya buɗe kwaɗo ba. Haushi ya kama ni, ga dariya na neman kuɓuce mini. Na zage shi iya son raina, ya sunkuyar da kai yana karɓa, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. A Kebbe na kwana.

Da hantsi Goggo ta yi wanka, ta saka zanenta na saƙi, ta yanko rassa mafi kyau ta ɗaure da kaba. Taubashina yana zaune a bakin rijiya kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na jira ya yi magana, bai yi ba. Sai da ta ɗora damin a ka ta kai bakin zaure sannan na sha gabanta na durƙusa.

"Goggo, don Allah ki aje. Wagga ba rama ba ta."

"To mi ta?"

Na faɗa mata sunan. Ta san sunan, kowa ya san shi, ganyen ne ba ta taɓa gani ba. Ta daɗe a tsaye, damin na kanta. Sannan ta sauke shi a hankali ta jingina da bango, ta dubi ɗanta.

"Ruɗinka anka yi, ko ka sani?"

Na so ya yi ƙarya. Wallahi na so, kuma da ya yi da na goya masa baya. Amma ya ce ya sani.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta koma ta zauna a kan turmi, ta cire takalmanta ta ajiye gefe. Ta ce, "Wata ukku nika yi ma abin ga addu'a bayan kowace salla." Na fi son a ce ta ɗauki muciya ta bi mu da gudu.

Can ta miƙa masa makullin ta ce ya fito da su duka. Na ce a ƙone, ta ce anya ina da hankali kuwa, hayaƙin zai shiga gidan maƙwabta. Muka haƙa rami a bayan ɗakin, muka yi ta jido tukwane muna juyewa, tana zaune tana kallo. Da ya ɗauko bokitin babansa, mai tsiron da ya fi kowane tsawo, sai ta tsayar da shi. Ta taɓa ganyen.

"Amma dai hannunka na da albarkar shuka," in ji ta. "Wanga kam ba ƙarya ba na."

A nan ne ya fashe da kuka, ƙato da shi, da wandonsa mai faɗin ƙafa. Ni ma na juya na yi kamar ƙasa ce ta shiga mini ido.

Muka rufe ramin, muka mayar da kwanon rufi kafin a kira salla. Bayan an sauko daga masallaci matan unguwa suka shigo kamar kullum. Ashe Goggo ta riga ta ba su labarin ramar ɗanta, har ta yi musu alkawarin iri. Ina daga cikin zaure na ji wata tana tambaya ko an kai wa liman, me ya ce. Na san kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke kanta ta bar shi da abin da ya jawo, kuma babu wanda zai ga laifinta.

"Ba ta yi ba," in ji Goggo. "Tsutsa ta shige ta, mun tuge. Ku buɗe inda munka tsaya."

Taubashina ya yi damina biyu yana noma gonar babansa da ke hanyar Fakku, daga baya ya koma mota, ya dawo, ya sake komawa. Haka ya yi ta yi har ya tsufa, kuma ban ƙara jin an ambace shi da wannan ganye ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na je mata da goro da burodin Tambuwal, don in ga ko tana fushi da ni. Ta karɓa ta sa mini albarka, ta ajiye a faifai ta ce sai an sha ruwa, azumi take yi. Na ce ai na Alhamis ne. Ta ce a'a, tun Asabar ta fara, kuma ba ta san ranar da za ta ajiye ba. Na tambaye ta na mene ne, tunda ita ba ta san abin da take shayarwa ba, Allah kuma ba ya kama mutum da abin da bai sani ba.

"Ba na ganyen ba na," in ji ta. "Shi ban sani ba. Tsutsar kuwa ina sane nif faɗa, da allo a hannuna."